Harafin da Ke Kan Takardar Gidan Haya

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau tafiyar tamu mai nisa ce, Ingila za mu. Sai dai duk wanda ya taɓa zaman haya, ko ya taɓa ba da hayar gidansa, zai gane kan zancen tun ba mu yi nisa ba. Maganar mai gida ce da ɗan haya, da wata tsohuwar tambaya da ke tsakaninsu: wa zai fitar da kuɗin gyaran da ba shi ne zai ci moriyarsa ba?

A Ingila da Wales doka ba ta yarda mutum ya sa gidansa a kasuwa ba, na sayarwa ne ko na haya, sai da wata takardar shaida da ake kira EPC. Idan ka riƙe ta, abin da idonka zai fara faɗawa a kai shi ne layuka bakwai masu launi, a jere kamar matakala, kore shar a sama, ja wur a ƙasa. Kowane layi da harafinsa, daga A zuwa G. Gidan da ya samu A, ɗan kuɗi kaɗan ya ishe shi ɗumama ɗakuna da dafa ruwan wanka da kunna fitilu. Wanda ya faɗa G kuwa, ko nawa ka zuba masa sai ya lashe, kuma ka kwana kana rawar ɗari. Yawancin gidajen ƙasar suna tsakiya ne, wajajen D da C.

To, me ya sa hukuma za ta damu da wannan har ta kafa masa doka?

Sanyi ne. Mu nan in hunturu ya kankama, 'yan makonni ne ake hura wuta a tsakar gida da asuba, hantsi na dubawa a tuɓe rigar sanyi. Can kuwa tun daga wajen Oktoba har Afrilu gida yana bukatar ɗumi, kuma kaso mafi tsoka na makamashin da iyali ke ƙonawa a ɗumama ɗakuna da ruwa yake tafiya. Ga shi gidajensu tsofaffi ne, suna cikin mafi tsufa a duk Turai. Kusan ɗaya cikin biyar na gidajen Ingila an gina su ne kafin 1919, da jan bulo cunkus, bango guda ba rata a tsakiya. Sai daga baya magina suka koma yin bango biyu da ɗan fili a tsakaninsu, wanda ake iya cusa wa abin tare zafi. Masana sun ƙiyasta cewa gidan da ba a yi masa komai ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na ɗuminsa ta bango yake tserewa, kusan rubu'i kuma ta rufi. Ragowar ta taga, ta ƙarƙashin ƙofa, ta daɓe.

Mai zaune a gidan kansa ba ya bukatar a yi masa wa'azi. Idan ya kashe kuɗi ya shimfiɗa audugar gilashi a saman silin, shi ne zai ga takardar kuɗin gas ta ragu a wata mai zuwa. A gidan haya ne lissafin ke karkacewa. Bango na mai gida ne, taga tasa ce, tukunyar ɗumama ruwa tasa ce, amma mita da sunan ɗan haya take juyawa. Mai gida ya gyara, ɗan haya ya samu sauƙi. Ɗan haya kuma ba zai zuba dukiyarsa a ginin da za a iya cewa ya tashi baɗi ba. Kowa da hujjarsa, kuma kowace hujja mai ƙarfi ce, shi ya sa gidan kan shekara talatin ba wanda ya taɓa shi. A ƙasar da kusan iyali ɗaya cikin biyar ke haya a hannun masu gidaje masu zaman kansu, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

Asalin takardar daga Tarayyar Turai ya fito, lokacin Birtaniya tana ciki. A 2002 Tarayyar ta umarci ƙasashenta su fito da hanyar auna gine-gine ta fuskar cin makamashi. Ingila da Wales suka fara a watan Agustan 2007 da manyan gidajen sayarwa masu ɗakin kwana huɗu zuwa sama, sannan daga 1 ga Oktoba 2008 abin ya hau kan gidajen haya. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar bai tafi da dokar ba, tana nan daram.

Bari mu bi mai awon nan cikin gida, domin a nan ne masu gidaje da yawa kan yi asara ba su sani ba. Ba kowa ne ke da ikon rubuta takardar ba, sai wanda ya samu horo kuma sunansa ke cikin rajistar da hukuma ta amince da ita. Zai zo da tef ɗin awo da kyamara. Zai auna faɗi da tsawo da tsayin ɗakuna, ya leƙa saman silin ya ga kaurin abin da aka shimfiɗa, ya duba tagogi ko gilashi ɗaya ne ko biyu, ya karanta lambar tukunyar ɗumama ruwa, ya ƙirga ƙwayayen fitila masu tsimin wuta. Sau da yawa bai cika awa guda ba ya gama. Ba ya fasa bango, ba ya ɗaga daɓe. Daga nan sai ya zuba bayanan cikin wata manhajar kwamfuta, ita kuma ta fitar da maki. Daga 92 zuwa sama A ke nan. Daga 69 zuwa 80 C. Daga 39 zuwa 54 E. Wanda ya kasa kai 21 yana G. Ku riƙe lambar nan 39, za mu dawo kanta.

Abin lura, duk abin da mai awo bai gani da idonsa ba, kuma ba a nuna masa shaidarsa a rubuce ba, manhajar takan ɗauka gidan yana nan yadda aka saba gina irinsa a zamaninsa. Wato kana iya kashe dubban fam ka cusa abin tare zafi a bayan filasta, amma da yake ka yar da rasit, ba hoto, ba takardar kamfanin da ya yi aikin, sai a rubuta maka maki kamar ba ka yi komai ba. Don haka mai gidan da ya san ciwon kansa yakan tanadi jaka guda, duk wata takardar gyara a ciki take, ranar awo ya ajiye ta a kan tebur.

Kuɗin awon ba shi da yawa, galibi tsakanin fam 60 zuwa 120, gwargwadon girman gida da garin da yake. Takardar tana aiki shekara goma. Kuma ba a aljihun mai gida take ɓoye ba, akwai rajista a intanet da kowa zai iya shiga kyauta, ya sa lambar unguwa, ya ga harafin kowane gidan da aka auna a layin, har da jerin gyare-gyaren da aka ba da shawara da ƙiyasin kuɗinsu. Dole ne a nuna harafin a tallar gida, dole ne a ba mai neman haya kwafi ba tare da ya biya ko kwabo ba. Wanda ya ƙi, tarar fam 200 ce a kan gidan zama. Akwai gine-ginen da aka ɗauke wa wannan nauyi, cikinsu har da wuraren ibada, saboda haka masallatan Birmingham da Bradford ba su cikin lissafi.

Shekara goma na farko, takardar labari kawai take bayarwa. Tunanin masu tsara ta shi ne, in mai neman haya ya ga jan layi zai juya ya tafi, kasuwa da kanta ta hori mai gidan. Amma a Landan ko Manchesta, inda mutane ke layi a kan ɗaki guda, wa ke da sukunin tsayawa duba launi? Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Haka aka ci gaba da karɓar haya a gidajen F da G kamar ba a taɓa auna su ba.

Sai a 2015 aka yi dokar da ta sa wa takardar haƙora. Daga 1 ga Afrilu 2018, haramun ne a ƙulla sabuwar yarjejeniyar haya, ko a sabunta tsohuwa, a kan gidan da bai kai E ba. Ga makin nan 39 da na ce ku riƙe. Daga 1 ga Afrilu 2020 kuma hukuncin ya game har 'yan hayan da suka daɗe a ciki, ko da ba a taɓa yarjejeniyarsu ba. Shaguna da ofisoshi da ɗakunan ajiyar kaya su ma sun bi sahu, nasu wa'adin na ƙarshe ya cika a Afrilun 2023, kuma tararsu ta fi zafi nesa ba kusa ba, tana iya kai fam 150,000.

A gidajen zama ga yadda tarar take. Wanda ya ba da hayar gidan da bai cika sharaɗi ba na ƙasa da wata uku, ana iya cin sa har fam 2,000. Ya kai wata uku ko ya wuce, har fam 4,000. Ya shigar da bayanin ƙarya a rajista, har fam 1,000. Jimilla dai ba ta wuce fam 5,000 a kan gida guda. Ƙaramar hukuma ce ke da alhakin bibiya, kuma tana da ikon wallafa laifin a rajista inda kowa zai gani. Ɗan haya kuma kada ya ce tunda gidan ya saɓa doka ya huta da biyan haya. Yarjejeniyarsa tana nan da ƙarfinta, in ya riƙe kuɗi shi ne zai koma mai laifi.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan takardar shaidar tsimin makamashi da doka ta ɗora wa masu gidajen haya a Ingila da Wales. Mun ji abin da dokar ta hana. Yanzu sai ƙofofin da ta bari a buɗe, kuma a nan zan ɗan daɗe, don a nan rigimar take.

Da farko dokar cewa ta yi mai gida ba zai taɓa aljihunsa ba. In ya samu tallafi ko bashin da za a riƙa cira daga kuɗin wuta, ya gyara. In bai samu ba, ya rubuta cewa bai samu ba, shi ke nan. An gina wannan ne a kan wani shirin bashi na gwamnati mai suna Green Deal, wanda aka ƙaddamar a 2013, amma gwamnati ta janye masa kuɗi a 2015 saboda mutane ba su karɓe shi ba. Ka ga kafin dokar ta fara aiki, tushenta ya riga ya zube. Da aka ga abin zai zama wasan yara, daga Afrilun 2019 aka ce mai gida zai kashe nasa, amma iyakarsa fam 3,500, har da haraji a ciki.

Fam 3,500 tana yin aiki a gidan da matsalarsa ƙarama ce. Ta isa a shimfiɗa audugar gilashi mai kaurin milimita 270 a saman silin, a toshe kafofin iska a ƙofa da taga, a sa wa tankin ruwan zafi riga, a canja ƙwayayen fitila, a sa na'urar daidaita ɗumi. Gidaje da yawa da wannan kaɗai suke tsallakawa daga F zuwa E. Amma tsohon gidan jan bulo mai bango cunkus, wanda shi ne ya fi kowa ciwo, lulluɓe bangonsa ta waje yakan haura fam 10,000. To me doka ta ce a kansa? Ta ce mai gida ya yi iya abin da fam 3,500 za ta iya, in har gidan bai kai E ba, ya shiga wata rajista ta daban ya rubuta uzurinsa, a ƙyale shi shekara biyar yana karɓar haya. In kuma gyara mafi arha da aka ba shi shawara ya fi wannan kuɗi, ya kawo ƙiyasi daga kamfanoni uku, nan ma shekara biyar. Akwai uzurin cewa wani mai haƙƙi ya hana, kamar hukumar tsara gari ko mai asalin ginin ko shi kansa ɗan hayan. Akwai uzurin cewa ƙwararren mai ƙiyasi ya tabbatar gyaran zai rage darajar gidan da fiye da kashi biyar cikin ɗari. Wanda ya zama mai gida ba shiri, shi ma akan ba shi wata shida ya kintsa. Uzurin ba ya bin gida in an sayar, sabon mai shi sai ya nemi nasa.

Ni a ganina wasu daga cikin uzurorin nan adalci ne. Ba za ka ci tarar mutum a kan aikin da wata hukumar ta hana shi yi ba. Amma iyakar fam 3,500 ɗin nan ta haifar da wani abin mamaki: gidan da ya fi lalacewa shi ya fi sauƙin kuɓuta. Kuma wa ke zaune a irin waɗannan gidaje? Wanda ba shi da zaɓi. Tsoho mai ɗan fansho, matar da ke riƙe da yara ita kaɗai, baƙon da bai daɗe da sauka ba.

Shekarar 2022 ta nuna abin da harafi ɗaya ke nufi a aljihu. A sanyin 2021, ƙa'idar da Ofgem, hukumar kula da farashin makamashi, ta sa ta kai kuɗin gas da lantarki na matsakaicin gida fam 1,277 a shekara. Bayan Rasha ta afka wa Yukren farashin gas ya yi tashin gwauron zabo, har aka sanar zai kai fam 3,549 daga Oktoban 2022, sai da gwamnati ta sa baki ta tsayar da shi a 2,500. Wannan fa na matsakaicin gida ne. Mai zaune a F ko G, in yana son ɗumi irin na maƙwabcinsa, nasa ya zarce haka sosai. Da yawa sai suka zaɓi kashe na'urar, suka tattaru a ɗaki guda da barguna.

Sai kuma maganar bibiya. Doka ta miƙa sanda ga ƙananan hukumomi, waɗanda aka shafe shekaru ana rage musu kasafi. Wasu sun ɗauki abin da gaske, suna gwama rajistar awo da sunayen masu ba da haya, suna aika wasiƙu. Wasu kuwa sai an kai ƙara suke motsawa. Ɗan hayan da ke fargabar a ce ya tattara kayansa ba shi ne zai fara kai ƙarar mai gidansa ba.

Ita kanta takardar ba ta tsira daga suka ba, kuma sukar tana da tushe. Makin da take bayarwa a kan kuɗi aka gina shi, wato nawa za a kashe, kuma a Birtaniya lantarki ya ninka gas tsada wajen sau uku zuwa huɗu a kan ma'auni guda. Saboda haka mai gida yana iya cire tukunyar gas ya sa na'urar zamani mai jawo ɗumi daga iskar waje, irin wadda gwamnati da kanta ke kwaɗaitarwa don rage hayaƙi, amma harafinsa ya ƙi motsi. Hannun dama na hukuma yana cewa zo, na hagu yana cewa tsaya. Ga kuma saɓanin masu awo: an sha ganin gida guda, mutum biyu su auna, sakamako ya bambanta. Sannan manhajar ba ruwanta da yadda kuke rayuwa a ciki, iyali na misali take ƙaddarawa, masu kunna ɗumi a sa'o'i na misali. Gidan da ke da mutum takwas ana girki safe da yamma ana shanya a ɗaki, lissafinsa daban.

Wannan shanyar a ɗaki ta kawo mu ga abin da ya fi kuɗi muhimmanci. Idan ka toshe kowace kafa don kada ɗumi ya fita, ka kuma hana tururin girki da na wanka da numfashin mutane hanyar fita. Sai ya sauka a kan bango mai sanyi ya zama raɓa, raɓa ta zama danshi, danshi ya haifi baƙar fumfuna. A Disamban 2020, a garin Rochdale kusa da Manchesta, wani yaro mai suna Awaab Ishak, wanda iyayensa 'yan asalin Sudan ne, ya rasu kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara biyu. Binciken da aka kammala a Nuwamban 2022 ya tabbatar cewa ciwon numfashin da ya yi ajalinsa daga daɗewar shaƙar fumfunar gidansu ne, gidan da ba shi da isasshiyar mafitar iska, kuma mahaifinsa ya sha kai kuka. Allah ya jiƙansa. Gidan na wata ƙungiyar samar da gidaje ne, ba na ɗan kasuwa ba, kuma a 2023 majalisa ta yi dokar da ake kira da sunan yaron, wadda ta yanka wa irin waɗannan ƙungiyoyi wa'adin duba danshi da gyara shi. Na kawo wannan ne don mai gidan da ke hanƙoron harafi ya ji: duk inda aka sa abin tare zafi, a sa fankar fitar da tururi a kicin da banɗaki, a bar kafar shaƙar iska a taga. Kuma a kula da wanda za a ba aikin. A Janairun 2025 gwamnati ta dakatar da kamfanoni 39 daga shirye-shiryenta na tallafi saboda aikin lulluɓe bango na ha'inci.

Ina aka dosa? Nan ma masu gidaje suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. A 2020 gwamnati ta fitar da shawarar ɗaga sharaɗin daga E zuwa C, sababbin yarjejeniyoyi daga 2025, kowa da kowa daga 2028. Wasu suka yi azama suka ci bashi suka gyara. Wasu suka sayar suka fita daga harkar. A Satumban 2023 Firaminista Rishi Sunak ya fito ya ce an fasa. A Yulin 2024 jam'iyyar Leba ta karɓi mulki, ministan makamashi Ed Miliband ya dawo da maganar C, wa'adi 2030. Da aka fasa ɗin nan, wanda ya gyara da wuri ya ji kamar an yi masa wayo, wanda ya yi ƙememe ya ga taurin kai ya biya shi. Ginin gida ba abin da ake tsarawa daga zaɓe zuwa zaɓe ba ne, kuma gwamnatin da ke yau fari gobe baƙi tana koya wa mutane su zauna su jira ne. Kukan masu gidaje na biyu shi ne kuɗin gyara a kan haya zai ƙare. Akwai gaskiya a ciki. Amma ɗan hayan nan dama yana biya, kamfanin gas yake ba, kuma duk da haka yana kwana cikin sanyi. In har dole sai kuɗin ya fita, gara ya shiga bango.

Tsallaken ruwa kaɗan, Faransa ta fi taurin hannu. Tasu takardar DPE suke ce mata, tun 2006 take, haruffan ma A zuwa G ne. A Yulin 2021 suka mai da ita hujjar da ake iya tsayawa da ita gaban alƙali, in an rubuta ƙarya a nemi diyya. Gidajen F da G, waɗanda Faransawa ke yi wa laƙabi da rariya, an hana ƙara musu kuɗin haya tun Agustan 2022. Daga 1 ga Janairu 2025 an hana ƙulla sabuwar haya a kan G, F zai biyo baya a 2028, E a 2034. Wannan dabara ta daskarar da haya ta burge ni, domin ba ta jiran jami'i ya zo ƙwanƙwasa ƙofa. Duk shekarar da mai gida ya yi bai gyara ba, aljihunsa ne ke gaya masa.

Wani zai ce, to malam, mu da rana ke gasawa, ina ruwanmu da masu kukan sanyi? Bangon da ke barin ɗumi ya fita shi ne ke barin zafi ya shigo. Ɗan hayan da ke ɗakin kwano marar silin a Kano ko Maraɗi, taga tana kallon yamma ba rumfa, shi ke sayen man janareta, shi ke sa kati a mita, shi ke fitowa waje da tabarma a watan Afrilu. Mai gidan da ya yi tsimin kuɗin silin yana can gidansa. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a 2023, aka kuma kai kuɗin wutar masu amfani da lantarki na rukunin A naira 225 a kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan lissafi ya daina zama na masu kuɗi kaɗai. Kuma ba a ce ba mu da komai a rubuce ba. A 2017 ma'aikatar wuta da ayyuka da gidaje, ƙarƙashin Babatunde Fashola, ta ƙaddamar da ƙa'idar tsimin makamashi ta gine-gine tare da hukumar GIZ ta Jamus. Ta yi magana a kan girman taga, da inuwa, da abin tare zafi a rufi, da fitilu, da na'urar sanyaya ɗaki, har da ba gini taurari. Sai dai sababbin gine-gine ta fi fuskanta, kuma izinin gini a hannun jihohi yake. Je ka wurin dillalin gidaje ka tambaye shi taurari nawa gidan da zai kai ka yake da su, ka ga irin kallon da zai yi maka. Kakanninmu da suka yi soro da katanga mai kauri da 'yar ƙaramar taga can sama ba su san wata takarda ba, amma ɗakinsu da tsakar rana ya fi na bulo da kwano daɗin zama.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, saƙo ga 'yan'uwanmu da ke can, ko masu shirin tura yaro karatu. Kafin a sa hannu a biya kuɗin ajiya, a shiga rajistar EPC a shafin gwamnati, a sa lambar unguwar, a duba harafi, a duba ranar da takardar za ta ƙare aiki. In an ga F ko G, a leƙa rajistar uzuri a gani ko mai gidan ya rubuta nasa. In babu, sashen kula da gidaje na ƙaramar hukuma ake kira. Ɗalibai su lura, wanda ya kama ɗaki ɗaya a gidan da ake tarayya a kicin da banɗaki, doka ba ta tilasta a yi wa ɗakinsa takarda ta daban ba, don haka sai ya tambaya ko kuɗin gas da wuta suna cikin haya, ya kuma duba bayan labule da kusurwar bango da idonsa. Wanda kuma Allah ya hore wa ya sayi gida don ya zuba 'yan haya, ya daina auna kansa da E. Ya nemi mai awo tun kafin ciniki ya faɗa, ya tambaye shi nawa zai ci a kai gidan C, ya cire wannan daga farashin da zai taya. Masu zaune a Sikotland da Ireland ta Arewa kuma su bincika nasu, dokokinsu daban suke da waɗanda muka karanto.

Nan za mu dakata. 

(Kiɗan rufe shiri)